Belle Vue: gidan zu da iyali ɗaya suka kafa, ya yi shekara 141 a Manchester

"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne, wata takwas ke nan da zuwana Manchester karatu. A unguwar Gorton nake haya, kuma kullum sai na wuce wata tashar jirgin ƙasa da ake kira Belle Vue. Wani dattijo Bature maƙwabcina ya ce mini a da akwai gidan zu da filin wasanni a wurin, har ya taɓa hawa giwa yana yaro, kuma wai ba na gwamnati ba ne, mallakar wani mutum ne. Na zagaya ban ga ko alamar keji ba. Don Allah mene ne tarihin wurin, kuma ta yaya abu mai girma haka zai ɓace?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Dattijon nan gaskiya ya faɗa maka. Ƙasar da kake takawa kullum ta taɓa ɗaukar giwaye da zakuna da raƙuman dawa, kuma a lokacin da wurin ke tashe mutum miliyan 2 ke shiga cikinsa a shekara. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: yadda aka yi mutum ɗaya ya gina irin wannan wuri ba da kuɗin hukuma ba, da kuma abin da ya kashe shi. Ni likitan dabbobi ne, na daɗe ina aiki da namun dajin da ke tsare, saboda haka da idon mai kula da dabba zan kalli labarin. Ban riski Belle Vue da ransa ba. Inda na auna dalilai na ce wannan ya fi wancan nauyi, ka ɗauke shi a matsayin hukuncin mai sana'a, masanin tarihi ko akanta na iya auna su ta wata fuskar.

Mai lambu da tsuntsayensa

Sunan mutumin John Jennison, kuma asalinsa mai aikin lambu ne. Yana da ɗan fili a Adswood kusa da Stockport, inda tun 1826 yake buɗe wa mutane ƙofa su zo su sha iska su ci 'ya'yan itace. Ya ajiye tsuntsaye a keji, sai ya lura baƙinsa sun fi daɗewa a gaban kejin fiye da gaban furanni. A 1836 ya karɓi hayar wani fili mai eka 36 a gefen titin Hyde, ya kwaso tsuntsayensa ya dawo nan. Shi ne gidan zu na farko a Ingila da aka kafa da kuɗin mutum ɗaya. Na Landan, wanda aka buɗe a 1828, na ƙungiyar masana ne, kuma sai a 1847 aka fara barin kowa da kowa ya biya ya shiga.

Farkon bai yi daɗi ba. Manyan gari sun buɗe nasu gidan zu a Higher Broughton a 1838, wanda ya fi nasa tsari da jari, shi kuma bashi ya yi masa katutu har masu binsa suka nemi sayar da wurin. Ba su sami mai saye ba, suka ƙyale shi ya ci gaba. Na manyan ne ya fara durƙushewa a 1842, Jennison ya sayi wasu daga cikin dabbobinsu a gwanjo.

Abin da ya cece shi shi ne ya gane su wa ne mutanensa. Manchester ta wancan zamani garin masaƙun auduga ce, irin masaƙun da akoko da alawayyonsu suka riƙa isowa kasuwanninmu. Dubban ma'aikata ne ke wuni a cikin ƙura da ƙarar inji kwana shida a mako, suna kwana a lungunan da ba bishiya ko ɗaya. Masu hali suna da lambunansu. Lebura ne ba shi da wurin zuwa, kuma shi Jennison ya buɗe wa ƙofa a farashin da zai iya biya. Jirgin ƙasa ya ƙara masa ƙarfi, domin tashar Longsight tana dab da wurin, sai ga ayarin ma'aikata daga garuruwan Lancashire da Yorkshire suna sauka a ranakun hutu. Shugabannin coci na Gorton sun yi ƙorafin yana buɗewa ranar Lahadi, an ce ya amsa musu da cewa shi ma kamar su ne, ranar Lahadi yake samun abincinsa.

Yadda aka ciyar da dabbobin

Nan ne nake son ka tsaya da kyau, domin nan amsar tambayarka ta biyu take ɓoye. Kuɗin kallon dabba kaɗai bai taɓa riƙe Belle Vue ba. Dabba ba ta san ranar hutu ba, ba ta san damina ko hunturu ba. Giwa babba tana cin ciyawa da ganye fiye da kilo 100 a rana, zaki yana buƙatar nama kilo 5 zuwa 7, kuma a ƙasa mai sanyi irin Ingila sai an ɗumama ɗakin biri da na maciji wata da watanni, daidai lokacin da ba mai zuwa kallo. Kuɗin shiga na hawa yana sauka, kuɗin fita kuwa yana nan daram kowace safiya. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin abincin gidan zu ya san wannan ciwon.

Jennison da 'ya'yansa sun magance shi ta hanya biyu. Ta farko, sun ƙi barin kwabo ya fita daga gidan in har za su iya yin abin da kansu. Suna da gidan burodinsu, suna dafa giyar da suke sayarwa, suna buga tikiti da littafin jagora a maɗaba'arsu, suna yin bulon gininsu, suna samar da iskar gas ta fitilunsu, suna noma kayan lambu. 'Ya'yan gidan kowa da sashen da yake riƙe. Ta biyu, sun cika wurin da abubuwan da za su sa mutum ya wuni har dare yana kashe kuɗi: filin rawa, tafki da kwalekwale, wuraren cin abinci. A 1852 suka fara wasan wuta na dare, inda wani mai zane, George Danson, yake zana ƙaton hoton gari a kan kyalle, a fito da mutane cikin kayan soja su kwaikwayi yaƙi, a yi ta harba wuta sama. Na farkon ya kwaikwayi ruwan wutar da jiragen ruwan Birtaniya suka yi wa birnin Aljiyas. A 1853 aka soma gasar badujala, wadda ta zama babbar gasa ga ƙungiyoyin busa na masaƙu da ma'adinai. Wanda ya zo don badujala zai leƙa zaki, wanda ya zo don zaki zai jira wasan wuta, kuma a tsakani dole ya ci ya sha. Da wannan cinikin ake sayen nama da harawa.

Jennison ya rasu a 1869, 'ya'yansa suka ci gaba, filin kuma ya yi ta faɗaɗa har ya kai eka 165.

Giwar da ta taka daga Edinburgh

Ba a ba da labarin Belle Vue ba tare da Maharajah ba. Toron giwa ne ɗan Asiya, an saye shi fam 680 a 1872 lokacin da aka yi gwanjon dabbobin wani ayarin masu yawo da namun daji na gidan Wombwell a Edinburgh. An sa shi a taragon jirgin ƙasa ya farfasa shi. Sai mai kula da shi, Lorenzo Lawrence, ya ce to za su taka da ƙafa. Suka yi tafiyar kusan mil 200 cikin kwana 10, mutanen ƙauyuka suna fitowa kallo, kafin su iso Manchester labarinsu ya riga su. Lorenzo ya zauna a Belle Vue yana kula da giwaye shekaru da dama. Maharajah kuwa ya yi shekara 10 yana ɗaukar yara a bayansa yana jan kaya, ya mutu a 1882 da ciwon huhu, yana da kimanin shekara 18.

Mutane suna jin daɗin wannan labari, ni ma ina jin daɗinsa, amma shekarun nan 18 suna tsaya mini a rai. Giwa tana kai shekara 60, wani lokaci fiye. Maharajah saurayi ne ya mutu. Dabba ce ta ƙasa mai zafi, mai rayuwa cikin garke, aka ajiye ta a ɗakin bulo cikin hayaƙin kwal da danshin Manchester. Haka labarin Consul, birin nan chimpanzi da aka kawo a 1893, ana sa masa riga da hula yana zuƙar lofe jama'a na tafi. A 1894 ya mutu. Ban ce mutanen nan mugaye ba ne. Da yawa daga masu kula da dabbobin sun so su so na gaskiya, kuma ilimin abinci da cututtukan namun daji bai kai ko'ina ba a lokacin. Sai dai tsarin kansa ya ginu ne a kan cewa in dabba ta mutu a sayo wata, domin jiragen ruwan daular Birtaniya suna ta sauke sababbi a Liverpool da Landan daga Afirka da Indiya. Wannan arahar ta taimaka wa Belle Vue ƙwarai, kuma ranar da ta ƙare wurin ya ji a jikinsa.

Daga iyali zuwa kamfani

A 1925 jikokin Jennison suka sayar da wurin fam 250,000 ga wani kamfani, wanda ba da jimawa ba John Henry Iles ya zama jagoransa. Iles mutumin filayen wasa ne. A zamaninsa aka kafa Bobs a 1929, wani jirgin katako mai hawa tudu ya gangaro a guje, wanda ya samo sunansa daga kuɗin hawansa, sule ɗaya, domin "bob" Turawa ke ce wa sule a bakin kasuwa. A gefen wurin aka buɗe filin tseren karnuka a 1926, irinsa na farko a Birtaniya, sannan tseren babura ya zo a 1928 da ƙungiyar Belle Vue Aces. Babban zauren King's Hall, wanda aka gina tun 1910, yana ɗaukar mutum 7,000, ana dambe da kokawa da tarukan siyasa a ciki, kuma bayan bom ya lalata zauren Free Trade Hall a 1940 ƙungiyar makaɗa ta Hallé ta riƙa wasa a nan. A hutun Ista kaɗai mutum 250,000 kan shiga.

Gidan zu ɗin bai lalace nan take ba. Gerald Iles, wanda ya shugabance shi daga 1933 zuwa 1957, mutum ne da ya san dabba kuma ya yi gyare-gyare. Amma matsayin dabbobin ya sauya. A hannun iyalin Jennison su ne sunan gidan da martabarsa, ko ba su kawo riba ba ba za a taɓa su ba. A hannun kamfani sun zama sashe ɗaya cikin sassa, ana duba shafinsu a ƙarshen shekara kamar yadda ake duba na lilo da na mashaya. A 1956 Charles Forte, ɗan kasuwar otal da gidajen abinci, ya shigo, zuwa 1963 wurin ya koma hannunsa gaba ɗaya.

Abin da ya kashe shi

Dalilan suna da yawa, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai gobara, ta 1958 da ta cinye babban zauren rawa, da wata a 1964. Waɗannan an sake gini bayansu, ban ɗauke su a bakin komai ba. Akwai talabijin, wadda ta kawo wa mutum zaki yana farauta a dajin Afirka har cikin falonsa, bayan haka zakin da ke kai da komo a bayan ƙarfe sai ya zama abin tausayi. Akwai mota da jirgin sama: ma'aikacin da kakansa bai san hutu ba sai Belle Vue yanzu yana iya kai iyalinsa bakin teku ko Sifaniya. Sannan hukuma ta rushe tsofaffin lungunan gabashin Manchester ta kwashe mazaunansu zuwa bayan gari, masaƙu kuma suna ta rufewa. Wato jama'ar da aka gina wurin dominsu sun watse.

Sai kuma sauyin da aka samu a zukatan mutane game da keji. Tun 1907 Carl Hagenbeck ya nuna a Hamburg ta Jamus cewa ana iya raba dabba da ɗan kallo da rami ko ruwa maimakon sandunan ƙarfe. Wani abin lura shi ne, yaron da ya kafa babban kishiyar Belle Vue a Belle Vue ɗin ya samo niyyarsa. George Mottershead ya je wurin yana ƙarami, ya ga dabbobi a ƙuntace, ya ƙudurta zai gina gidan zu marar sanduna, kuma a 1931 ya buɗe na Chester, wanda yake nan har gobe. Daga baya aka zo da gandun da mutum ke shiga da motarsa zakuna na yawo a fili, Longleat a 1966, Knowsley kusa da Liverpool a 1971. Belle Vue yana tsakiyar gari, gidaje da layin dogo sun kewaye shi, gine-ginensa na zamanin Sarauniya Victoria ne.

A ganina duk waɗannan sun raunana shi ne, abin da ya yanke masa numfashi shi ne karyewar wancan tsari na farko. Wasanni ke ciyar da dabbobi. Da wasannin suka tsufa, ba a zuba musu sabon jari ba, har aka rushe Bobs a 1971, sai ya zama babu mai ɗaukar nauyin wani. Ga tsadar kaya ta shekarun 1970, abinci da makamashi da albashi duk sun tashi. Gidan zu ya koma yana asarar kusan fam 100,000 a shekara, aka rufe shi ranar 11 ga Satumba 1977. Filin wasannin ya bi baya a 1980, King's Hall a 1982, filin babura na titin Hyde a 1987.

Ko da akwai mafita? Akwai hanyoyin da wasu suka bi suka tsira. Chester ya koma hannun ƙungiyar sa-kai tun a shekarun 1930, saboda haka duk abin da ya shigo dabbobi yake komawa, babu mai hannun jari da ke jiran rabonsa. Masu gidan zu na Landan sun buɗe Whipsnade a karkara a 1931 don manyan dabbobi. Na Bristol, sa'an Belle Vue ne domin shi ma a 1836 aka buɗe shi, ya rufe tsohon gidansa na cikin gari a 2022 ya koma fili mai faɗi a waje. Hanya ta uku ita ce a rage iri, a sallami giwa da beyar da manyan birai, a riƙe abin da filin zai iya ɗauka da mutunci. Da ni aka tambaya a 1965, wannan ta ukun zan ba da shawara, tare da miƙa dabbobin ga wata ƙungiya mai zaman kanta. Amma kowace daga ciki tana buƙatar mai wuri wanda dabbobin ne gabansa, kamfanin otal kuwa yana zaune ne a kan eka fiye da 100 a cikin birni, kuma ya san darajar fili.

Rufewa ta fi buɗewa wuya

Akwai abin da mutane ba sa tunawa: ana iya kashe injin lilo a sa kwaɗo a tafi gida, amma ba a yi wa dabba haka. Na ga wannan da idona a wani wuri da na yi aiki, wanda ba zan kama sunansa ba. Kuɗin abinci ya tsaya makonni, mahauci ya gaji da ba da bashi, sai ga masu kula da dabbobi, mutanen da albashinsu bai taka kara ya karya ba, suna haɗa kuɗi daga aljihunsu suna sayo kai da ƙafa don kuraye da zaki. Ba zan manta da wani dattijo cikinsu ba da ya ce mini shi ba zai iya cin tuwo ba alhali ya san na cikin keji bai ci ba. Dabbar da ka tsare ka hana ta nema wa kanta, amanarta tana wuyanka, kuma mai share kejin ya fi kowa jin nauyin wannan amana.

A Belle Vue yawancin dabbobin an sami masu karɓarsu. Wadda ta rage ita ce giwa mai suna Ellie May, wadda aka yi wa shaidar faɗa, shaidar da waɗanda suka san ta suka ce ba ta cancanta ba, amma ta sa kowa ya guje ta. Shugaban gidan zu na ƙarshe, Peter Grayson, ya ƙi yarda a kashe ta, kuma ko bayan ya bar aiki ya ci gaba da zuwa duba ta. A 1979 gidan zu na Rotterdam a Holan ya amince zai ɗauke ta. Ranar tafiya ta ƙi motsi, ta kwanta, ciwon huhu da na zuciya suka kama ta, dole aka harbe ta. A aikinmu mun san ba a fafe gora ranar tafiya. Babbar dabba sai an yi makonni ana ajiye mata abinci a bakin akwatin da za a ɗauke ta, sannan a cikinsa, har ta saba da shiga da kanta, domin firgita kaɗai tana iya kashe ta, kuma giwar da ta daɗe kwance nauyin jikinta yana danne mata huhu. Ita kuma wannan ta riga ta yi fiye da shekara ita kaɗai a gidan da babu kowa. Shekara biyu bayan mutuwarta, a 1981, majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta wajabta wa kowane gidan zu lasisi da binciken masu duba lafiyar dabbobi.

Dalilin da ya sa ba ka ga keji ba shi ne an sayar da filin kashi-kashi an share shi, aka yi gidaje da wuraren kasuwanci. Filin tseren karnuka ne ya fi daɗewa, shi ma an rufe shi a 2020. Sunan ya rage a tashar jirgin da kake wucewa, da kuma ƙungiyar Belle Vue Aces, wadda tun 2016 take tsere a sabon filinta a titin Kirkmanshulme, nan kusa da kai. In kana son ganin wani abu da ya taɓa rayuwa a wurin, ka je gidan tarihi na Manchester a titin Oxford, cikin harabar jami'a. Ƙwarangwal ɗin Maharajah yana wurinsu tun 1941. Ka kuma koma wurin dattijon maƙwabcinka ka zauna da shi da takarda da biro, ka tambaye shi ta wace ƙofa suke shiga, nawa ake biya, ina ɗakin giwaye yake daga inda kuke zaune yanzu. Ka gaishe mini da shi.